Gwanayen da ke jiyo maganar inji daga nesa

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan inbata ta sola, ko akwatin da ke sarrafa fanfon foraj, ko babban janareto irin na turakun waya, mai yiwuwa ya ga wata ƴar ƙofa wadda ƙura ta kusa toshewa. Wani lokaci mai ƙusoshi tara ce, biyar a sama huɗu a ƙasa. Wani lokaci kuma sukurori biyu ne kawai, an rubuta A a kan ɗaya, B a kan ɗayan. Sunanta ƙofar siriyal. Ta nan injin ke faɗin halin da yake ciki: yawan wutar da fanno ya tara yau, abin da ya rage a batir, awa nawa fanfo ya yi yana aiki, zafin jikinsa, da dalilin da ya sa ya tsaya. Injin a shirye yake ya ba da amsa dare da rana, mai tambaya ne babu.

A gundumomin Tasawa da Mayahi, rashin mai tambayar nan asarar kuɗi ce, wahala ce kuma. Babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta ratsa Tasawa, amma ƙauyukan da ke shan ruwan foraj da cibiyoyin lafiyar da ke ajiye allurar rigakafi a firjin sola, yawancinsu ba a bakin kwalta suke ba. Suna can cikin ƙananan hukumomin Urafan, Korgom, Hawandawaki, Gidan Amumun, Isawan da Kanembakashe, inda mota na sauka daga babbar hanya sai fama da yashi. Idan fanfo ya tsaya, saƙon da ke isa ga mai gyara bai wuce kalma uku ba: fanfo ya tsaya. Sai ya kama hanya bai san abin da zai tarar ba. Wata rana ya iske ƙura ce ta lulluɓe fanno, abin da yaro da tsumma zai magance. Wata rana ya iske ƙarfen da ake bukata ya baro shi a Maraɗi, kilomita fiye da ɗari, sai an sake wata tafiyar. Kafin nan mata sun koma jan guga a rijiya mai zurfi.

Akwai masu sana'ar da aikinsu ke rage irin wannan tafiya. Suna ɗaukar maganar da ke fita ta ƴar ƙofar nan su ɗora ta a kan hanyar sadarwa ta kwamfuta, ko ta waya ko ta rezon salula, har mutum ya zauna a Tasawa ko Maraɗi ko Yamai ya karanta ta kamar yana tsaye gaban injin. Wanda bai sani ba zai ce ai sayen akwati ne a jona. Wanda ya taɓa gwadawa ya san akwatin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Tsohuwar ƙofa da ta ƙi mutuwa

Ƙa'idar wannan ƙofa, wadda ake kira RS-232, ta fito a Amurka a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. An tsara ta ne don haɗa injinan buga saƙo da na'urorin da ke tura saƙon ta layin tarho. Bayani yana bin waya guda, bit bayan bit, a jere. Ƙarfin wuta tsakanin bolt 3 da 15 ƙasa da sifili yana nufin 1, irinsa sama da sifili yana nufin 0. Mai ƙusoshi taran nan da aka fi sani ta yaɗu ne da kwamfutar IBM ta 1984. Yau da wuya ka samu kwamfutar hannu mai ita, USB ya kore ta, amma masu ƙera inbata da mita da sikeli da injinan gwajin jini ba su rabu da ita ba. Dalilinsu a fili yake: tana da arha, ba ta da rikici, kuma injin da aka ƙera don ya yi shekara ashirin yana aiki ba ya bukatar ƙofar da ake canja wa salo kowace shekara biyar.

Rauninta shi ne gajeren zango. Bayan kamar mita 15 maganar ta fara gurɓacewa. A 1983 aka fito da ƙanwarta, RS-485, mai sukurorin A da B, wadda ke kaiwa mita 1,200 a kan waya biyu da aka murɗe da juna, kuma na'ura har 32 na iya hawa layi ɗaya. A kan wannan layi yawancin injinan ke magana da yaren Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Tsarinsa mai sauƙi ne: na'ura ɗaya ke tambaya, sauran suna jira, wadda aka kira lambarta ita kaɗai ke amsawa. Sai dai mita 1,200 ya isa filin foraj ko harabar asibiti, bai isa daga Korgom zuwa Tasawa ba.

Nan akwatin juyi ke shigowa. Gefe ɗaya yana da ƙofar siriyal, ɗaya gefen yana da bakin wayar intanet ko gurbin sim. Kamfanoni irin su Moxa na Taiwan da Lantronix da Digi na Amurka sun daɗe suna ƙera shi, akwai kuma masu araha daga Sin. Wanda ya iya ma yana haɗa nasa da ƴar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar ser2net, wadda kyauta ce. Kowa na iya mallakar akwatin. Daga nan ne ake gane gwani.

Hannu a kan waya

Gwani ba ya fara da kwamfuta, da mitar gwaji yake farawa. A ƙofa mai ƙusoshi tara, uku ne ke ɗauke da yawancin aikin: na 2 da na 3, ɗaya na faɗa ɗaya na ji, sai na 5 wanda shi ne ƙasa. Bakin wannan inji dole ya faɗa kunnen wancan. Idan aka haɗa baki da baki, babu abin da zai ƙone, babu kuma abin da za a ji. Wayoyin da ke miƙe da waɗanda aka gitta a ciki kamanninsu ɗaya daga waje, shi ya sa sabon shiga zai yi yini yana zargin manhaja. Gwani kuwa sai ya ɗora mita tsakanin ƙusa ta 5 da kowace daga cikin biyun. Wadda ta nuna wuta ƙasa da sifili alhali injin yana shiru, ita ce bakin. Cikin minti ɗaya ya san wayar da zai yi amfani da ita.

Yana da wata dabara kuma. Idan yana son sanin ko hanyar gaba ɗaya lafiya take, daga kwamfutar ofis har akwatin da ke ƙauye, sai ya sa a cire injin a haɗa ƙusa ta 2 da ta 3 da ɗan guntun waya. Duk harafin da ya buga a ofis ya kamata ya je ya dawo masa a allo. In ya dawo, hanya ta fita daga zargi, saura inji. In bai dawo ba, babu amfanin taɓa inji. Da guntun waya ya raba matsalar gida biyu, kuma raba matsala gida biyu, sannan a sake raba rabin, shi ne kusan dukan sirrin gyara.

Layin RS-485 na da nasa tarkon. Masu ƙera kaya ba su daidaita a kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wannan kamfani ya kira A wani ya kira shi B. Saboda haka idan layi ya yi tsit, abu na farko da za ka ji gwani ya ce wa yaronsa shi ne, "Juya su mu gani." Ya san kuma layin yana son a bi da shi daga wannan na'ura zuwa waccan, ba a yi masa rassa ba, a kuma rufe ƙarshensa biyu da razista mai om 120 don kada siginar ta bugi ƙarshen waya ta dawo ta rikita na bayanta. Ya san wasu inbatoci bakin siriyal ɗinsu kamarsa ɗaya da bakin wayar intanet, amma abin da ke bin ƙusoshin daban ne, don haka ba ya cusa waya don kawai ta shiga.

Yarjejeniya kafin magana

Waya ta yi daidai, saura a yarda da yadda za a yi maganar. Ƙofar siriyal ba ta sanar da saurinta, dole ɓangarorin biyu su san shi tun farko. Wanda aka fi samu shi ne bit 9,600 a daƙiƙa, kowane harafi da bit takwas, ɗaya na buɗewa a gaba, ɗaya na rufewa a baya. Goma kenan, wato harafi 960 a daƙiƙa. A idon mai kallon bidiyo a waya wannan tafiyar hawainiya ce, amma ya ishi inbata ta faɗi duk abin da ke cikinta. Idan saurin ya saɓa, allo zai cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana. Sabon shiga na ganin haka sai ransa ya ɓaci. Gwani murna yake yi, don tarkacen ya shaida masa waya tana aiki, lamba ɗaya ce kawai ta rage a gyara. Ya kuma san ƙa'idar Modbus a rubuce ta zaɓi 19,200 tare da bit na tantancewa, amma kamfanoni da yawa suna fito da kayansu a 9,600 babu shi, don haka ba ya dogara da abin da ya kamata, takardar injin yake nema.

Ko an fara jin amsa, aiki bai ƙare ba. Kowace na'ura a layin tana da lamba tsakanin 1 da 247, kuma biyu ba sa raba lamba ɗaya. A cikin kowace na'ura bayanai suna zaune a gurabe masu lambobi. Takarda za ta ce ƙarfin batir yana gurbi na 40001, alhali a kan waya sifili ake tambaya, domin wasu daga ɗaya suke fara ƙirga, wasu daga sifili. Kuskuren gurbi ɗaya ya isa ya sa a karanta zafin inji a matsayin ƙarfin batir. Wani injin zai turo 523 yana nufin bolt 52.3. Babbar lamba kamar jimillar ruwan da aka ɗaga takan zo rabi biyu, wani kamfani ya fara turo babban rabin, wani ƙaramin. Lambar da aka karanta ba daidai ba ta fi shiru haɗari, domin ita ana yarda da ita. Shi ya sa gwani ba ya barin wurin sai ya ɗora mitarsa a kan batir ya ga abin da ta nuna ya yi daidai da abin da abokin aikinsa ke gani a ofis.

Inda shiru yake da ma'ana

Ainihin gwanintar tana nan. Maganar siriyal kamar ruwan fanfo take, tana zuba a jere babu yankewa. Hanyar intanet kuwa kamar ruwan ƴan garuwa ce: sai an cika jarka a ɗauka, wannan ta iso yanzu, waccan ta daɗe a hanya. Ruwan ɗaya ne, amma zuwansa ya bambanta.

Abin da ya sa wannan ya zama matsala shi ne, irin Modbus da aka fi samu a kan waya ba shi da alamar da ke cewa saƙo ya ƙare. Shiru ne alamar. Idan layi ya yi shiru na tsawon harafi uku da rabi, to saƙo ya cika. A saurin 9,600 wannan bai wuce kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa ba. To a ce akwatin juyi ya raba saƙo ɗaya cikin ƙunshi biyu, na farko ya iso, na biyu ya makara kaɗan a rezo. Mai karɓa zai ɗauki jinkirin a matsayin ƙarshen magana, ya duba lissafin tantancewa da ke zuwa a bayit biyu na ƙarshe, ya ga bai yi daidai ba, ya zubar da rabin farko, ya zubar da na biyu. Babu harafi ko ɗaya da ya ɓata a hanya, amma saƙon ya mutu. Wannan ne ke sa abu ya yi aiki lafiya lau a kan teburin shago, a kai shi Isawan ya riƙa yi yana ƙi.

Gwani na da magani fiye da ɗaya, kuma sanin wanda ya dace shi ne ilimin. Yana iya saita akwatin ya riƙa jira sai ya ji shirun nan kafin ya ƙunshe saƙo, don ya tafi a dunƙule. Yana iya zaɓar akwatin da ya san Modbus da kansa, wanda zai yi magana da inji a kusa bisa ƙa'idar shiru, sannan ya juya ta zuwa Modbus TCP, wanda aka fitar a 1999, mai faɗin tsawon saƙo tun daga kansa, don haka jinkiri ba ya kashe shi. Idan manhajar ofis tsohuwa ce, ba ta san komai ba sai ƙofar siriyal, sai ya girka mata ƙofar da babu ita a zahiri: manhajar na ganin ƙofar COM3 tana tsammanin injin na gefen tebur, alhali yana bayan Gulbin Kaba. Akwai ma ƙa'ida ta 1997, RFC 2217, wadda ke ba da damar canja saurin ƙofar can daga nan. Sannan ya tsawaita lokacin jiran amsa, domin manhajar da aka rubuta don waya mai mita biyu ba ta da haƙurin rezon ƙauye.

Wa zai kira wa?

Inda babu wayar intanet, sim ake sa wa akwatin, na Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecom, gwargwadon wanda ke kamawa a wurin. Gwani ba ya tambayar wanne ya fi a gari, yana gwadawa ne a daidai inda akwatin zai zauna, a ɗakin inji mai rufin kwano, don a nan siginar ke raguwa, wani lokaci sai an fitar da eriya waje. Sim na yau da kullum kuma galibi ba shi da adireshin da za a iya kiransa daga waje. Wanda bai san haka ba zai saita akwatin ya zauna jiran kira, kiran da ba zai taɓa zuwa ba. Gwani sai ya juya lamarin, akwatin ƙauye shi ke kiran ofis. Ya sa shi ya riƙa turo ƴar alama lokaci lokaci don kada layin ya rufe a ɓoye, ya sa shi ya sake kira da kansa in rezo ya ɗauke ya dawo, ya kashe kansa ya kunna in ya daskare. Ya kuma yi lissafin data: matakin ruwa a shato ba ya canjawa kowace daƙiƙa, tambaya ɗaya a minti biyar ko goma ta wadatar, kuɗin wata kuma ya zama abin da kwamitin ruwa zai iya biya.

Ƙasar ma tana da nata sharuɗɗan. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka. Hunturu na zuwa da ƙura, damina da tsawa, kuma doguwar wayar RS-485 da ta ratsa fili hanya ce buɗe ga tsawar. Don haka gwani na neman akwatin da ya raba wutar layi da ta cikinsa, ya sa abin kare tsawa, ya kafa ƙarfen ƙasa da kyau. Wutar NIGELEC ta wannan yanki ta dogara sosai da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023. Gwani yana ɗora akwatinsa a kan batir, domin lokacin da wuta ta ɗauke shi ne lokacin da aka fi bukatar labari.

Ƙofar da aka buɗe, a sa mata makulli

An ƙera ƙofar siriyal ne bisa zaton duk wanda ya taɓa ta yana cikin ɗakin, don haka ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Ranar da aka jona ta da intanet, ɗakin ya zama duniya. A 2013 wani mai bincike, HD Moore na kamfanin Rapid7, ya gano irin waɗannan akwatuna sama da 114,000 da ake iya isa gare su kai tsaye ta intanet. Ranar 23 ga Disamban 2015 masu kutse suka katse wuta ga masu amfani da ita kimanin 225,000 a Yukren, kuma cikin abin da suka yi har da lalata manhajar cikin akwatunan juyi na tashoshin wuta, yadda sai da ma'aikata suka je da ƙafarsu suka maido da wutar da hannu.

Kada a ce wa zai kula da fanfon ƙauye. Masu laluben intanet ba ƙauye suke nema ba, duk ƙofar da suka samu a buɗe suke shiga. Rigakafi ya fi magani: gwani na canja kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, ya rufe duk hanyar da ba a amfani da ita, ya bi da maganar ta rufaffiyar hanyar VPN, kuma inda karatu kawai ake bukata ba ya buɗe damar ba da umarni. Wanda ke duba matakin ruwa ba lallai ne ya iya kashe fanfo ba.

Abin da ya rage mana

Tunanin sarrafa inji daga nesa ba baƙo ba ne a Nijar. Abdou Maman Kané, wanda ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa ta wayar salula, ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011, ya kuma karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015. Ɗan ƙasa ne ya yi, don bukatar ƙasa. Sana'ar da muke magana a kanta ƴar'uwar wannan ce, kuma kayan koyonta ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba: mitar gwaji, tsohuwar kwamfuta, akwatin juyi ɗaya, mitar wuta mai RS-485, da waya. Sauran haƙuri ne da bin abu daki daki. Matashin da ya iya gyaran salula a kasuwar Tasawa ko girka sola a Mayahi ya riga ya yi rabin tafiyar.

Saboda haka kira biyu ne. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su sa wannan cikin abin da suke koyarwa, da hannu, a kan inji na gaske. Shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin ruwa da ƙungiyoyin da ke kawo kayan sola kuma, duk ranar da za a karɓi sabon inji, a nemi takardar da ke bayyana saurin ƙofarsa da lambobin gurabensa, a ajiye kofi a ofishin magajin gari, a kuma rubuta kalmar sirri a hannun masu kayan. In babu takardar nan, kada a sa hannu a kan karɓar aiki.